Malamin Laburare da Akwatin Talabijin: Waiwaye daga Jos

Jos gari ne na talabijin tun kafin a yi mafarkin Kannywood. A 1974, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, Jihar Binuwai da Filato ta buɗe nata gidan talabijin, kuma shi ne ya fara watsa hoto mai launi a Nijeriya. A wajen launi ya riga na Ibadan da ke aiki tun 1959, ya riga na Kaduna, ya riga na Ikko. Da gwamnatin tarayya ta tattara gidajen talabijin ƙarƙashin hukuma guda a 1977, wadda muka sani da NTA, sai tauraruwar garin ta ƙara haske. A nan aka kafa kwalejin horar da ma'aikatan talabijin a 1980, a nan kuma Hukumar Fina-finai ta Nijeriya ta yi hedikwata. Saboda haka mutumin Jos bai tsaya ga kallo kawai ba. Wanda ya gani a akwati jiya da dare, yau da safe sai ya tarar da shi yana cinikin tumatir a Farin Gada.

A wancan zamani tasha ba ta kwana tana aiki. Sai da yamma take buɗewa, wajen tsakar dare ta rufe da taken ƙasa. Kuma ba kowane gida ke da akwatin ba, don haka a Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo, gidan da Allah ya hore wa shi ne dandalin unguwa. Yara su wanke ƙafa su shiga su zube a ƙasa, manya a kan kujera, wanda ya makara ya maƙale a taga yana rawar ɗari, don sanyin Jos ba ya ragawa ɗan kallo. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, salatin da za a saka sai an ji shi a layi na uku.

Abin da ya sa wasannin suka shiga rai shi ne mutanen cikinsu namu ne. Ga Bello na Cock Crow at Dawn, wanda ya bar birni ya koma ƙauye ya rungumi noma. An fara shirin a 1980, a nan Filato aka ɗauke shi, bankin UBA ya ɗauki nauyinsa, Sadiq Daba ya fito a Bitrus, Kasimu Yero a Kawu Gaga, Bongos Ikwue ya rera waƙar buɗewa. Ga Behind the Clouds, shi ma ɗan Jos ne. Ga kuma namu na Hausa: Karkuzu na Bodara a nan gida, Samanja Mazan Fama daga Kaduna, Kuliya Manta Sabo daga Kano, Golobo daga Sakkwato. In ka tara wasannin zamanin duka, da wuya ka sami sana'ar da ba ta sami rabonta ba. Soja da Hausarsa ta bariki. Alƙali da muhuti da ɗan doka. Malamin asibiti mai tsawa. Masinja mai ɓoye fayil sai an ba shi na goro. Dillaliya mai kashe aure, da boka, da mai unguwa, da ɗan kamasho, da attajirin da bai iya sa hannu ba sai dangwale. Kowa an zana shi, an ƙara masa gishiri, an yi masa dariya, shi ma ya taya.

Mutum ɗaya ne babu shi a wannan jerin: malamin laburare. Mai karatu ya kwantar da hankali ya lissafo jaruman da ya sani tun daga zamanin hoto baƙi da fari har zuwa Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, ya gani ko zai tuna da wanda sana'arsa ke nan.

A Amurka da Ingila kukan 'yan wannan sana'a daban ne. Su cewa suke yi an nuna su, amma an ɓata su. Kullum sai a kawo dattijuwa mai tabarau, ta ƙudundune gashi a ƙeya, fuska a murtuke, yatsa a kan leɓe tana hana mutane numfashi. A wani shahararren fim na Amurka na 1946, It's a Wonderful Life, an nuna wa jarumin yadda duniya za ta kasance da ba a haife shi ba, kuma babban abin da ya firgita shi shi ne ganin matarsa ta tsufa ba aure, tana aikin laburare. Wato a wajen masu fim ɗin, ƙarshen lalacewar mace ke nan. Daga baya sun sassauta. A The Mummy na 1999, wanda samarinmu suka kalla har kaset ya gaji a gidajen kallo, jarumar malamar laburare ce a Alƙahira, ko da yake farkon abin da aka nuna ta yi shi ne ta kifar da kantocin littattafai gaba ɗaya. A 2014 ma har shiri sukutum aka yi mai suna The Librarians, inda suke yaƙi da matsafa. Fina-finan Indiya kuwa, waɗanda mu muka fi sabawa da su, laburare a wajensu wurin da saurayi ke leƙen budurwa ne ta tsakanin kantoci, mai kula da wurin kuma aikinsa ya ɗago kai ya harare su.

In na ji Turawa suna wannan ƙorafi nakan ce su gode wa Allah. Da babu gara ba daɗi. Wanda aka yi wa ba'a, an san da zamansa.

Me ya sa namu bai fito ba? Ba ƙiyayya ba ce. Marubutan wasanninmu na da, da yawansu ma ba rubutawa suke yi ba, tsara labari ake yi a baki kowa ya shiga ya zuba basirarsa, kuma daga abin da jama'a ke gamuwa da shi kullum suke ɗebowa. Kowa ya taɓa zuwa asibiti, kowa ya taɓa tsayawa gaban alƙali ko ya raka wani, kowa ya san zafin ɗan doka. Amma mutum nawa ne cikin masu zama gaban akwatin nan suka taɓa taka ƙofar laburare? Ba a kwaikwayon wanda 'yan kallo ba za su gane shi ba. Sannan wasa rigima yake so, da hayaniya da kokawa da saki uku, shi kuwa wannan bawan Allah ofishinsa an rubuta a bango cewa a yi shiru.

Rashin fitowarsa a akwati bai hana a zana shi ba, sai dai a bakin mutane aka zana shi. Kuma zanen bai yi kyau ba. Mai gadin littattafai, abin da ake ɗaukarsa ke nan. Mutumin da ke zaune bakin ƙofa cikin rigar sanyi, ga rajista, ga jarida, yana gyangyaɗi har a tashi aiki. A ma'aikatu kuwa an ɗauki laburare wurin jefa wanda ba a so. In ma'aikaci ya saɓa da shugabansa, ko lafiya ta yi masa ƙaranci, ko an rasa inda za a kai shi, sai ka ji an ce a tura shi can ya huta. A makarantun sakandare da dama, malamin da ya fi kowa ƙarancin darasi shi ake miƙa wa makullin. Yaron da ya sami gurbin karanta wannan fanni a jami'a kuwa, sai ya sha tambaya a gida: “To kai yanzu shekara huɗu za ka yi kana koyon jera littattafai?”

Wannan hoto yana da asali, kuma asalin ba ƙarya ba ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne Turawa suka sa hukumomin En'e suka buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa, babbar manufar kuma ita ce a yaɗa labarin yaƙi yadda Ingila ke so a ji shi. Abin da ke ciki bai wuce Gaskiya Ta Fi Kwabo ba, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da 'yan mujallu da hotunan yaƙi da littattafan Turanci waɗanda akasarin mutanen gari ba sa iya karantawa. Wanda ake ba riƙon ɗakin galibi bai koyi aikin ba, albashinsa kuma na ƙasan tsani ne. Ya buɗe, ya share, ya tsare, ya rufe. Shi ne malamin laburare na farko da talakan Arewa ya sani, kuma shi ne ya zauna a ƙwaƙwalwa.

An yi ƙoƙarin gyarawa. A 1952 aka kafa babban laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatun En'e, yana kuma kiran masu kula da su kwas. A 1962 ma'aikatan fannin suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. A 1963 wani masani daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya zagaya Arewa ya rubuta rahoto kan abin da ake bukata, kuma ƙarancin ƙwararru na cikin manyan abubuwan da ya nuna. A 1964 aka buɗe Babban Laburaren Ƙasa, wanda daga baya ya yi reshe a Jos. A 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin har matakin digiri. A 1995 aka yi dokar da ta kafa hukumar yi wa ƙwararrun rajista, kamar yadda ake yi wa likitoci da injiniyoyi. Sana'ar ta yi nisa ke nan, amma tunanin mutane yana nan a ɗakin karatun En'e.

Akwai kuma wani abu da ya fi zuwan Turawa daɗewa. Mu mutane ne masu girmama littafi, amma ta hanyar mai shi. Malamin zaure da ya tara littattafai a gafaka da adaka, ana ganin girmansa don an san ya karance su, ya haddace wasu, ya kwafi wasu da hannunsa. Irin su Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Malam Umar Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962 ya bar rubuce-rubuce sama da 3,000 da yanzu ke Jami'ar Northwestern a Amurka. Mai littafi malami ne. Amma wanda ake biya albashi ya tsare littafin da ba nasa ba, wanda kuma ba a ga yana ba da karatu ba, ina za a ajiye shi? Al'ada ba ta tanadar masa wurin zama ba, sai aka zaunar da shi kusa da mai gadi.

Abin mamaki, a Jos ɗin nan waɗannan duniyoyi biyu suka haɗu tun da wuri. Gidan adana kayan tarihi da Bernard Fagg ya buɗe a 1952, wanda yawancinmu muka sani saboda kawunan Nok da gidan namun dajin da ke maƙwabtaka da shi, yana da tarin rubuce-rubucen hannu na Larabci da aka tattaro daga garuruwan Arewa. A 1965 aka buga kundin da ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya, aikin Aida Arif da Ahmad Abu Hakima. Wannan shi ne ainihin aikin laburare: a ɗauki takarda da ba ta da bango, a gano wanda ya wallafa ta da abin da take magana a kai, a ba ta lamba, a rubuta, yadda ɗalibi daga Alƙahira ko Landan zai san tana Jos. Mu kuwa da Sallah muke zuwa mu kalli biri mu koma gida.

Ni ma da irin wancan ido na fara kallonsu. Akwai wani laburare na gwamnati da muke zuwa muna 'yan sakandare, musamman in jarrabawa ta matso. A bakin ƙofa za ka ajiye jaka, ka rubuta suna, in za ka fita a duba littattafanka. Jaridu an maƙale su a jikin sanduna don kada wani ya naɗe ya sa a aljihu. Yawancinmu ba littafin wurin ya kai mu ba, kujera da shiru muka je nema, don a gida ga ƙanne ga aike ga rediyon maƙwabta. Mai kula da zauren dattijo ne, ba ya dariya. In ka yi raɗa sai ya ƙwanƙwasa tebur da biro, in ka sake sai ka ga inuwarsa a kanka. Littattafan da suka fi tsada suna cikin kabad mai gilashi, a kulle, makullin yana aljihunsa. In ka nema sai ya dube ka tun daga takalmi har hula kafin ya tashi.

Muna cewa mugu ne. Amma a dokar aikin gwamnati littafi kaya ne kamar tebur da fanka, yana cikin rajistar sito, in masu binciken kuɗi suka zo suka tarar babu, wanda ya sa hannu ya karɓa shi ke biya. Mu kuma ba waliyyai ba ne. Akwai masu zuwa da reza su yanke shafin taswira ko zanen zuciyar ɗan Adam, akwai masu cusa littafi a cikin rigar sanyi, akwai masu ɓoye shi a kantar da ba tasa ba don kada wani ya samu kafin jarrabawa. Ga kuɗin sayen sababbi ya ƙafe tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar shekarun 1980, zamanin tsuke bakin aljihu. Littafin da ya ɓata ya ɓata ke nan. Wanda ke cikin wannan hali in bai zama mai gadi ba, me zai zama?

Kuma shi dattijon nan shi kaɗai muke gani. Ba mu san akwai ɗaki a baya ba, inda ake ainihin aikin. Can ne ake zaɓen abin da za a saya, a buɗe kowane littafi a tantance fanninsa, a ba shi lamba bisa tsarin da Melvil Dewey ya fito da shi a 1876: addinin Musulunci a 297, noma a 630, tarihin Nijeriya a 966.9. A buga kati da tafireta, ɗaya da sunan mawallafi, ɗaya da sunan littafi, ɗaya da fanni, a jera su cikin 'yan durowoyin katako masu sanda a tsakiya. Wanda ya iya jan durowar nan, cikin minti biyu zai san ko littafi yana gidan da kuma kantar da yake. Mu ba mu iya ba, ba mu kuma tambaya ba, sai mu yi ta zagaye kantoci muna karanta ƙeyar littattafai. Ranar da na ga wani malami ya zo da tambaya kan tarihin haƙar kuza, ɗaya daga cikin mutanen ɗakin baya ya fito, bai duba komai ba ya lissafa masa littattafai da rahotannin da zai nema da inda zai same su, ranar na san ba duka ne masu gyangyaɗi ba.

To, a nan ne labarin ya juyo kan talabijin ɗin kansa. Kowane gidan talabijin yana da nasa laburaren: ɗakin da ake ajiye gwangwanayen fim da kaset-kaset, da ma'aikacin da ke liƙa musu suna, ya rubuta a rajista, ya fitar in za a watsa, ya karɓa ya mayar. Ba a ganin fuskarsa, ba a damu da sunansa ba. Kuma wani ɗaki irin wannan a Jos ya taɓa girgiza Ingila.

A watan Oktoba na 2013 BBC ta ba da sanarwar cewa an gano wasu sassa tara na shirinta Doctor Who da aka daɗe da fid da rai da su. Shiri ne na almarar kimiyya da aka fara a 1963, Turawan Ingila suna ji da shi kamar yadda muke ji da Magana Jari Ce. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge kaset-kaset ɗinta tana sake ɗaukar wani abu a kai, don kaset yana da tsada kuma ba wanda ya zaci za a sake neman tsohon shiri. Da hankalinsu ya dawo, sassa sama da ɗari sun salwanta. Abin da ya rage musu shi ne kwafin da suka sayar wa ƙasashen waje, waɗanda ake ɗora wa jirgi daga wannan tasha zuwa waccan. Wani Bature mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya bi sawun takardun jigilar har ya iso wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos. A kan kanta ya tarar da gwangwanayen, da sunan shirin a liƙe. Labarai biyu ne, The Enemy of the World da The Web of Fear, waɗanda aka nuna a Ingila a 1967 da 1968. Kafin wannan rana sassa 106 ake nema, bayanta suka koma 97. Jaridun duniya suka ɗauka, aka gyara fina-finan, aka sayar, aka ci riba.

An yi ta yabon Baturen, kuma ya cancanta. Amma ba wanda ya yi maganar mutanen da ɗakin ke hannunsu shekara kusan arba'in. Wani zai ce ai ba ƙwarewa ba ce, mantuwa ce: an ajiye an manta, sanyin Jos ya yi sauran aikin. Na yarda sanyin ya taimaka, don da a Lakwaja ne ko Fatakwal da zafi da laima sun daɗe da narkar da su. Na kuma yarda akwai mantuwa a ciki. Sai dai mantuwa ba ta liƙa suna a jikin gwangwani, ba ta ɗora shi a kan kanta maimakon ƙasa, ba ta hana a kwashe ɗaki a zuba wa bola in sabon manaja yana neman ofis. Abin da babbar tashar Landan, da duk kuɗinta da iliminta, ta kasa riƙewa, wasu ƙananan ma'aikata a Filato sun riƙe. In da adalci, ko a ƙasan labarin ne a ambace su.

Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Tsadar kaset da ta sa BBC ta goge nata ta fi tsanani a wajenmu, kuma mu ba mu sayar wa wasu ƙasashe kwafi da yawa ba, balle mu je nema. Mai karatu ya shiga intanet ya nemi wasannin Hausa na shekarun 1970 da 1980, ya ga abin da zai samu: gutsattsari, hoto yana rawa, murya tana shaƙewa, galibi daga kaset ɗin da wani ya naɗa a gidansa. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wasannin sun riga mu gidan gaskiya. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Sadiq Daba a 2021. Yaron da aka haifa bayan 2000 in ka ce masa an yi gwanaye kafin waɗanda ya sani, da me za ka kafa masa hujja? Gidan talabijin da bai ga abin nunawa a malamin laburare ba, bai ga abin kashe wa kuɗi a nasa laburaren ba. Ina ganin cuta ɗaya ce.

Wani lokaci akan yi sa'a. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano shi cikin ajiyar Hukumar Fina-finai, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Bayan haka, a 2019, Jami'ar Jos da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka buɗe digiri na biyu kan adana fina-finai. Ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa ma a Jos take. Wato garin da ya fara ba mu hoto mai launi, shi ne kuma yau ake koyar da yadda za a hana hoton mutuwa.

Wani lokaci kuma ba a yin sa'ar. A watan Oktoba na 2016 gobara ta cinye ginin laburaren Jami'ar Jos da ke Naraguta. Mutanen Jos sun san gobara, sun ga ta babbar kasuwar Taminus a 2002, kuma har yau ana lissafa dukiyar da ta ƙone. Ta laburare ba a iya lissafa ta da naira. Littafin da aka buga a Landan a iya sake sayowa in akwai kuɗi. Amma kundin da ɗalibi ya rubuta kan ƙauyensu, ya zauna da tsofaffin da yanzu ba sa raye, aka buga da tafireta kwafi uku ko huɗu, wannan in ya tafi sai dai haƙuri. Kuma mutanen da ake wa kallon masu gyangyaɗi sun hango irin wannan rana. Tun 2009 laburaren jami'ar ya buɗe rumbun ajiye binciken malamai da ɗalibai a intanet, shi ne na farko a jami'o'in Nijeriya. Abin da aka riga aka ɗora a can, wuta ba ta kai gare shi ba.

Ba ina cewa duk malamin laburare gwani ba ne. Akwai malalata a cikinsu kamar kowace sana'a, akwai wanda in ka tambaye shi littafi zai nuna maka kanta da baki ba tare da ya ɗago ba, akwai wanda ya yi shekara talatin a cikin littattafai bai buɗe ko ɗaya ba. Irin waɗannan ma sun isa a yi wasa da su, kuma da Karkuzu ya same su da mun sha dariya. Abin da nake cewa shi ne an bar labari a ƙasa. A 2012, da masu bindiga suka mamaye Tumbuktu, wani malamin laburare, Abdulƙadir Haidara, shi da abokan aikinsa suka riƙa loda tsofaffin rubuce-rubuce cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwalekwale, suna satar hanya zuwa Bamako. In wannan bai isa fim ba, to me ya isa?

Don haka kirana biyu ne. Na farko ga marubutan fim da ke Jos da Kano da Kaduna, musamman yaran da ke fitowa daga kwalejin talabijin ta Rayfield: kun ba mu likita da lauya da ɗan jarida da ɗan siyasa har mun ƙoshi. Ku shiga laburare ku wuce zaure, ku nemi ɗakin baya, ku zauna da mutanen ciki ku ji abin da suka gani. Na biyu ga duk wanda mahaifinsa ko kawunsa ya yi aikin talabijin, ko ya saba naɗar wasanni a gida: in kuna da kwalin tsofaffin kaset-kaset a sito ko ƙarƙashin gado, kada ku zubar, kada ku ba yara su warware zaren. Ku kai ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke nan Jos, ko laburaren jami'ar da ta fi kusa da ku, a duba abin da ke ciki tun yana iya kunnuwa.